Laifin Direba Ba Na Mai Kaya Ba Ne: Mu Yi Adalci A Shaidar Cinikin Waya

Cinikin waya ya shiga kusan kowane gida a garin nan. Atamfa, shadda, leshi, takalman yara, turaren wuta, har tukwane da kuloli, mutum yana zaune a tsakar gida zai ga hoto, ya tura kuɗi, ya jira saƙo daga tasha. To akwai wani abu da ke biyo bayan cinikin wanda ba mu cika ɗaukarsa da nauyi ba, shi ne shaidar da mai saye ke rubutawa a kan mai sayarwa. Layi biyu ne ko uku, amma suna iya cika wa mutum shago, suna kuma iya rufe masa shi. Ni kam na ga duka biyun da idona, shi ya sa na ce bari in kawo maganar nan shafin mujallarmu.

Ni mai saye ce, kuma mai sayarwa. Ina haɗa turaren wuta da humra ina aikawa Bauchi, Yola da Potiskum, sannan ina sayen kayan sawa daga hannun 'yan kasuwar Kano. Ban da haka, ina cikin mata uku da ke riƙe da zauren WhatsApp na matan unguwar nan, inda ake talla, wani lokaci kuma a yi gwanjo. Ga wanda bai san yadda gwanjon waya yake ba: mai kaya za ta sa hoto, ta faɗi inda tayi zai fara da lokacin da za a rufe, wannan ta taya, waccan ta ƙara, wadda ta fi kowa tayi idan lokaci ya cika ita aka sallama wa. Kafin a kai ga rufewa jini ya riga ya hau, kowa na son ta ci. Sai bayan an sallama ne mai saye ke tuna cewa kayan suna Kano, ita kuma tana Gombe, akwai kuɗin mota a gaba. Yawancin rigimar da muke sasantawa a zauren daga nan take farawa.

Shaida a kasuwanci ba baƙuwarmu ba ce. Iyayenmu da kakanninmu da suka taso daga Kano, Katsina da Zazzau suka zauna a garin nan, bayan an dawo da hedikwatar masarauta Doma a 1919, da waɗanda suka biyo kasuwar auduga da gyaɗa da zuwan jirgin ƙasa a farkon shekarun 1960, ba da takardar banki suka zo ba. Baƙo yakan sauka wurin fatoma, fatoma ya tsaya masa, dillali ya haɗa shi da mai saye. Jarin baƙo sunansa ne. Idan dattijo ɗaya ya ce wane mai amana ne, a ba shi kaya bashi ya tafi ƙauye da su. Idan aka ce a yi hattara da shi, to ya fara neman wani garin. Mahaifina yakan ce a zamaninsu mutum ba ya sakin irin wannan kalma sai ya auna, domin gobe zai haɗu da wanda ya yi wa shaidar a masallaci ko wurin jana'iza. Mu yanzu wadda muke yi wa shaida ba mu taɓa ganin fuskarta ba, ba za mu haɗu da ita a gidan suna ba, shi ya sa yatsa ke saurin rubuta abin da baki zai ji nauyin faɗa. Kuma maganar baki iska kan tafi da ita, rubutu kuwa ana ɗaukar hotonsa a tura wani zaure, daga can a tura wani, har ya isa inda mai shi ba ta san da zamansa ba balle ta kare kanta.

Bari in fara da kuɗin mota, tunda shi ne babban abin faɗa. Kwanakin baya wata maƙwabciyarmu ta ci gwanjon atamfa turmi biyu a hannun wata baiwar Allah da ke saro kaya a Kantin Kwari. Da aka faɗa mata kuɗin aike sai ranta ya ɓaci, ta biya dai, kayan kuma suka yi kwana huɗu kafin su iso. Ranar da suka zo ta rubuta a zaure cewa matar nan macuciya ce, kowa ya kiyaye ta. Na kira ta na ce, “Maman yara, atamfar ba ita kika gani a hoto ba?” Ta ce ita ce. “Yadi ya cika?” Ta ce ya cika. “To ina cutar take?” Ta ce kuɗin mota ya yi yawa, kuma an ce mata kwana biyu.

Da muka bi sawu, ga abin da ya fito. Mai kayan ta kai saƙo tasha washegarin biyan kuɗi, ta turo hoton ƙunshin da lambar direba. Motar ba ta cika ba sai yamma, ta kwana. A hanya ta lalace tsakanin Darazo da Dukku. Da direban ya iso sai ya bar saƙon hannun wani yaron tasha, wayar yaron kuma a kashe. A duk wannan tafiyar ina hannun mai atamfa? Amma sunanta ne aka ɓata, ba na direba ba, kuma kafin mu goge saƙon mata biyu sun janye odarsu. Daga baya muka ji cewa mijinta ya rasu, da wannan sana'ar take riƙe marayu. Ko da ba marayu a gabanta, abin da aka rubuta ba gaskiya ba ne, wannan kaɗai ya isa.

Ya kamata mu san hanyar da ƙunshi ɗaya ke bi kafin ya shigo hannunmu. Mai kaya za ta sayi leda ko buhu da salatif ta ɗaure. Za ta biya ɗan sahu ko mai acaɓa zuwa tasha, ko ta biya yaron da za ta aika. A tasha akwai kuɗin direba, akwai na 'yan kamasho. Idan ya iso nan, sai ki je da kanki ko ki biya wanda zai kawo miki gida. Kowane mataki a cikin waɗannan man fetur yake sha. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin hukuma zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Wadda take auna kuɗin aiken yau da abin da ta biya a 2022 ba ta yi wa kowa adalci ba. Ni da nake aika turare na san sau nawa nake cika kuɗin mota daga ribata saboda kunyar faɗa wa tsohuwar kwastoma cewa direba ya ƙara.

Wannan ba yana nufin masu sayarwa duka tsarkaka ne ba. Akwai dabarar da wasu ke yi, ni kuma ba zan rufa musu asiri don muna sana'a ɗaya ba. Sai a fara gwanjo da farashi mai arha don a jawo jama'a, ribar kuma a ɓoye ta cikin kuɗin mota. Akwai mai haɗa kayan mutum biyar na unguwa ɗaya a buhu guda, ta biya direba sau ɗaya, amma ta karɓi cikakken kuɗin aike a hannun kowa. Akwai wadda sai kuɗi ya shiga asusunta sannan ta ce af, na manta ban faɗa miki kuɗin mota ya ƙaru ba. Waɗannan kam sun cancanci a faɗa, domin tauye mudu ne da aka sake wa riga. Gane su ba wuya: ki tambayi direba nawa aka biya shi, ko ki kwatanta da abin da wasu ke karɓa a kan wannan hanya a wannan mako. Idan ratar ɗan kuɗin leda da acaɓa ne, ki bar ta. Idan ninki ne, ki yi magana.

Abu na biyu shi ne amsa saƙo. Ba abin da ke tayar da hankalin mai saye kamar ta tura kuɗi sannan a yi mata shiru. Ba ta riƙe da kaya, ba ta riƙe da kuɗi, ga labaran 'yan damfara a ko'ina. Duk da haka shiru iri-iri ne. Mu tuna da 2024, lokacin da ɓata-gari suka kayar da turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe muka yi makonni cikin duhu. Wa ya amsa saƙo a kan lokaci a kwanakin nan? Waya na wurin mai caji tun safe sai magariba. Haka akwai mai jego, akwai mai jinyar uwa a asibiti, akwai wadda data ta ƙare mata sai ta yi ciniki za ta saya. Yawancin masu tallar nan ba kamfani ba ne mai ma'aikata, mace ɗaya ce da waya ɗaya da tukunya a kan wuta. Wadda ta tura saƙo ƙarfe 11 na dare ta wayi gari tana cewa an share ta, ita ma ta duba kanta.

Ɗaya shirun kuwa na wulaƙanci ne, na kuma ɗanɗana shi. Na taɓa cin gwanjon leshi a wani zaure da ba namu ba. Na biya a ranar, har da kuɗin mota, aka ce jibi zai iso. Jibi ta wuce. Na yi sallama, an karanta, ba amsa. Na kira, ba a ɗaga ba. Amma kullum da safe sai in ga ta ɗora sababbin kaya tana gayyatar masu saye. Sai a rana ta tara wani direba ya kira ni in zo in karɓi saƙo. Leshin kuwa ba laifi, shi ne na hoton, har ya fi kyau a ido. Na yi mata magana ta gefe na ce, “Hajiya, kaya sun iso, na gode, amma shirun nan bai yi mini daɗi ba.” Ta karanta ta sake yin shiru. Sai na rubuta a zauren kamar haka: “Kaya sun zo daidai da hoto, masu kyau ne, kuɗin mota ma daidai yake. An ce kwana biyu, sun yi kwana tara. A tsakani na tura saƙo sau huɗu ba a amsa ba.” Ban ƙara ko kalma ba. Ban ce macuciya ba, domin ba ta cuce ni ba. Ban kuma ce komai lafiya ba, domin ba lafiya ba. Wadda ba ta gaggawa za ta iya saye a wurinta ta ji daɗi, mai biki a ƙarshen mako kuma ta san abin da za ta tarar.

Wannan rarrabewar ba ni na ƙirƙiro ta ba. Babbar kasuwar gwanjo ta intanet, eBay, wadda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, ta gamu da irin matsalarmu tun farko: baƙo na tura wa baƙo kuɗi, ba wanda ya san wani. A 1996 suka buɗe wurin da masu ciniki ke yi wa juna shaida. Da tafiya ta yi nisa suka ga cewa “ya yi” ko “bai yi ba” kaɗai ba ya isa, sai a 2007 suka raba shaidar gida huɗu, kowane da taurarinsa daga ɗaya zuwa biyar: ko kayan sun dace da yadda aka siffanta su, yadda mai kaya ke amsa saƙo, saurin aikawa, da kuɗin aikawa. A 2008 kuma suka hana masu sayarwa yi wa masu saye mummunar shaida, saboda mutane na tsoron faɗin gaskiya kada a rama a kansu. Jumia da ke nan ƙasar ita ma tana ba mai saye damar ba da taurari da rubuta ra'ayi. Mu a zaurukanmu ba mu da taurari, amma muna da hankalin da za mu raba kaya daban, kuɗin mota daban, jinkiri daban, mu'amala daban, kowanne a ba shi haƙƙinsa.

Akwai kuma wata cutar da ta fi yawa a cikinmu fiye da zagi, ita ce yabon kunya. Mu mutane ne masu kara. Kaya su zo da tabo, ko kalar ta bambanta, mai kaya ta ce, “Anti, don Allah a ɗan yi mini shaida,” sai a rubuta “Masha Allah, kaya sun yi kyau sosai,” a koma gefe ana ƙorafi wurin ƙawaye. Ita kuma ta ɗauki hoton yabon ta ɗora, wata baiwar Allah ta gani ta tura kuɗin da ta yi wata uku tana tarawa a adashi. Wa ya jefa ta? Har da mai yabon. Wasu ma ragin naira kaɗan ake yi musu don su yaba, wasu 'yan uwa ne da ba su taɓa sayen komai ba. Na san da yawa suna tsoron kada faɗin aibin kaya ya zama gulma. Malamanmu sun yi bayani a kan wannan, Imam Nawawi ma a Riyadus Salihin ya ware babi a kan wuraren da aka halatta ambaton aibin mutum, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci da gargaɗin jama'a kada su cutu. Sharaɗin dai niyya ta zama nasiha, a kuma tsaya iya abin da ya faru. Da zarar an fara tono asalin mutum, ko garinsu, ko auren da ya mutu, to an bar nasiha an shiga cin nama.

Ga masu saurin yatsa kuma, akwai hukuma. A watan Satumba na 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani da ta saya sukari ya yi masa yawa. Magana ta yi tsawo, kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta, aka tafi da ita Abuja, aka tuhume ta a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Jama'a da dama sun ga cewa an wuce gona da iri a kanta, ni ma ina cikinsu, domin mai saye na da haƙƙin faɗin abin da ya gani. Amma darasin da na ɗauka shi ne rubutu hujja ne. Wadda ta rubuta “an ce kwana biyu, ya yi kwana tara” tana da saƙonni da rasidin tura kuɗi da za su tsaya mata a gaban kowa. Wadda ta rubuta “ɓarauniya” sai ta kawo abin da aka sace. Idan kuma damfara ce ta gaskiya, an karɓi kuɗi an toshe lamba, to wannan ya wuce shaida a zaure. A gargaɗi jama'a da hujja, a sanar da banki da wuri, a kai wa 'yan sanda. Akwai ma hukumar tarayya ta kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da ke karɓar ƙorafi a kan kamfanoni.

Bayan abin da ya faru da mai atamfar nan, mu uku masu riƙe da zaure muka zauna muka yi yarjejeniya da mambobi. Duk mai sa kaya a gwanjo sai ta faɗi garin da kayan suke da kuɗin mota zuwa Gombe tun kafin tayin farko. Idan ta kai tasha ta turo hoton ƙunshi da lambar direba, daga nan an san ta sauke nata nauyin. Mai ƙorafi kuma sai ta fara yi wa mai kaya magana ta gefe ta ba ta kwana ɗaya cur, in ba a daidaita ba ta kawo zaure, ta faɗi rana da adadi, ba zagi. Idan daga baya aka canza mata kaya ko aka maido kuɗi, dole ta dawo inda ta yi ƙorafin ta faɗa. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba mu wahala, domin mutane na da ƙarfin shelar ɓacin rai, amma idan aka gyara sai su yi gum. Maƙwabciyar tamu dai, Allah ya saka mata, ta dawo ta rubuta cewa jinkirin daga mota ne, kayan kuma masu kyau ne. Ɗaya daga cikin matan da suka janye ta koma ta saya. Ɗayar ba ta koma ba, ta riga ta tura hoton saƙon farko wani zauren da ba mu da iko da shi.

'Yan uwana masu sayarwa, kalma ɗaya tana kashe wutar da dogon bayani ba zai kashe ba daga baya. “Yi haƙuri, mota ba ta tashi ba yau” ba ta cin data ta naira goma. Mai saye na iya jure jinkirin mako idan ta san inda kayanta suke, abin da ba ta jurewa shi ne a mai da ita kamar mai bara bayan kuɗinta na hannunki. Kuma idan aka faɗi gaskiya a kanki, kada ki tara ƙawaye a yi wa mai ƙorafi rubdugu ko a cire ta daga zaure. Masu kallo suna lura da yadda kika karɓi gyara fiye da yadda suke lura da ƙorafin kansa.

Mu kuma masu saye, maza da mata, kafin mu danna tura mu tambayi kanmu: wannan laifin na wane ne, na mai kaya, na direba, ko na hanya? Na gani da idona ko zato nake? Idan aka karanta wannan rubutu a gaban mai unguwa, ga ni ga ta, zan iya maimaita shi? In amsar ta yi daidai, a rubuta ba tsoro, ko da ɗaci. Idan kuma an kyauta mana, a faɗa shi ma, domin masu amanar da ke tashi da asuba su kai saƙonmu tasha sun fi 'yan damfara yawa, yabon gaskiya kuwa shi ne tallar da ba su da kuɗin saye.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya tsare mu da cin haƙƙin wani da hannu ko da harshe. Amin.